Tankin Masallaci Na Zuba: Wa Ke Da Alhaki?



'Yan'uwa, tambayar yau ƙarama ce a baki, amma tana da nauyi. Abin da ba ka saya da kuɗinka ba, kuma a idonka ba ya ƙarewa, shin ɓarnatar da shi laifi ne? In laifi ne, kuma abin na masallaci ne, wa za a tambaya gobe kiyama?

Ga abin da ya kawo maganar. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, masallatai da Islamiyyu da dama a Jega da Aliero da Maiyama sun jingine janareto sun koma sola. Wannan alheri ne, Allah ya saka wa waɗanda suka ba da dukiyarsu. To amma ku lura da wani abu. Lokacin janareto, ladan ko wani yaro yakan tsaya a gindin tanki, yana cika ya ruga ya kashe, don kowace litar mai daga asusun Juma'a ta fito. Yanzu rana ce ke turo ruwan. Sai ka wuce da hantsi ka iske tanki ya cika yana kwarara ta baki, ruwa ya yi hanya ya shiga lungu, ya zama taɓo da gidan sauro. Ka yi magana, a ce maka, "Malam, ai rana ta, ba mu biyan ko kwabo."

Ashe tsimin da muke yi a da tsoron tsadar mai ne. Da tsadar ta kau, tsimin ya bi ta.

Zan ɗauko misali daga inda na san wasunku ba za su so ba, wato wuraren ibadar Yahudawa, waɗanda ake kira majami'u. Kafin wani ya garzaya wurin sharhi, na san abin da ke ranku, don yana raina. Mun ga Gaza. Mun san yadda 'yan kama-wuri-zauna ke sare itatuwan zaitun na Falasɗinawa a Yammacin Kogin Jodan, itatuwan da wasunsu sun girmi kakannin masu sarewar. Ba na wanke kowa daga wannan. Sai dai Alƙur'anin da muke karantawa shi ya hana mu bari ƙin wasu mutane ya kai mu ga rashin adalci, a aya ta 8 ta Suratul Ma'ida, kuma shi ya gaya mana a Ali Imrana, aya ta 113, cewa Ma'abota Littafi ba duka suka zama ɗaya ba. Akwai wata ƙungiyar malaman Yahudawa masu kare haƙƙin ɗan Adam, da aka kafa a 1988, wadda mutanenta ke raka manoman Falasɗinu gonakinsu lokacin tsinkar zaitun don su shiga tsakaninsu da masu kai musu hari. Mai sare zaitun da mai tare wa manomi duka, littafi ɗaya suke karantawa. Saboda haka mu duba abin da ke cikin littafin, da yadda wasu suka yi aiki da shi.

A littafi na biyar na Attaurar da ke hannunsu, babi na 20, akwai hukuncin yaƙi: idan an kewaye birni, ba a sare itacen da ake cin 'ya'yansa. Iyakarta ke nan, magana ce ta fagen fama. Amma malamansu ba su bar ta a fagen fama ba. Suka ce in har a lokacin yaƙi, lokacin da rai ke hannun Allah, an hana ɓarnar itace, to ina ga lokacin zaman lafiya? Daga nan suka fitar da ƙa'ida mai faɗi da suke kira bal tashhit, ma'ana haramcin ɓarna. Ɗalibin Usulul Fiƙhi zai gane hanyar nan da nan, ƙiyasul aula ne. A Talmud, babban kundin fiƙihunsu, har an kawo cewa wanda ya sarrafa fitila yadda za ta riƙa shan mai da sauri ba gaira ba dalili ya taka wannan ƙa'ida. Musa bin Maimun, malaminsu da aka haifa a Ƙurɗuba, ya yi likitanci a fadar Salahuddin al-Ayyubi, ya rasu a Masar a 1204, ya shigar da mai fasa ƙwarya, da mai yaga tufa, da mai rushe gini, da mai toshe idon ruwa, da mai zubar da abinci, duk a ƙarƙashinta.

Suna kuma da shekarar hutun ƙasa, duk shekara ta bakwai ba a noma. Ta baya-bayan nan ta kama daga Satumbar 2021 zuwa Satumbar 2022. Su ma fa suna da hila irin tamu: wasu kan sayar da gonar ga wanda ba Bayahude ba a takarda na ɗan lokaci, su ci gaba da aiki abinsu, wasu malaman nasu kuma suna sukar haka. Ɗan Adam dai ɗan Adam ne a kowane addini. Sannan akwai ranar da suke kira sabuwar shekarar itatuwa, wadda kan faɗo a Janairu ko Fabrairu, yaran makarantunsu na dashe a cikinta.

Duk wannan nassi ne da al'ada, kuma mu ma muna da namu, har ya fi yawa. Abin da ya ja hankalina shi ne matakin da ya biyo baya. A kowace majami'a akwai wata fitila da ba a kashewa dare da rana. A 1978 wani malaminsu mai suna Everett Gendler, a garin Lowell na Amurka, ya mayar da fitilar majami'arsa ta koma aiki da hasken rana, tun lokacin da sola ke da ɗan karen tsada. A 1993 manyan ƙungiyoyin Yahudawan Amurka suka kafa gamayya guda a kan muhalli. A 2008 wata majami'a a Evanston, kusa da Shikago, ta zama wurin ibada na farko da ya samu shaidar daraja mafi girma ta ginin da ke tsimin wuta da ruwa a tsarin Amurka. A Ingila kuwa, a 2018, suka fara wani shiri mai suna EcoSynagogue, wanda su ma daga wani shirin coci-coci suka kwaikwayo shi. Takardar tambayoyi ce ake bai wa kwamitin majami'a ya cike: yaya kuke da wuta, yaya ginin, me kuke saye, ina shara ke zuwa, me ake koya wa yara, me mai huɗuba ke faɗa. Su auna kansu, su gyara, su sake aunawa.

Ka ga sun ɗauki hukunci guda na yaƙi sun bi shi tiryan-tiryan har ya shiga littafin kwamiti da takardar kuɗin wuta. Ba na cewa duk majami'u haka suke, akwai waɗanda ko a jikinsu. Amma waɗanda suka yi, sun ɗora nauyin a kan mutum mai suna, da ranar da zai kawo bayani.

Wani zai ce wannan kamanceceniya da Yahudu ce, kuma an hana mu. Ɗan'uwa, a hankali. Abin da aka hana shi ne kwaikwayonsu a ibadarsu da alamomin addininsu. Ban ce a yi bikin sabuwar shekarar itatuwa ba, ban ce a rataya fitilar da ba a kashewa a mihrabi ba. Amma karɓar gaskiya daga bakinsu, Annabi (SAW) da kansa ya yi. Nasa'i ya ruwaito cewa wani Bayahude ya zo ya yi wa Musulmi gyara a kan yadda suke haɗa mashi'ar Allah da ta mutum a magana, da yadda suke rantsuwa da Ka'aba, kuma Annabi (SAW) ya umarci Sahabbai su gyara lafazinsu. A babin tauhidi fa ke nan. To ina ga babin famfo? Ramin Khandaƙ dabarar Farisa ce da Salman ya kawo. Kuma masu sira sun kawo labarin Mukhairiƙ, malami mai dukiya daga Yahudawan Madina, wanda ya fita tare da Musulmi ranar Uhudu aka kashe shi, bayan ya yi wasiyya da dukiyarsa ga Annabi (SAW). Malamai sun yi saɓani ko ya musulunta kafin nan. Lambunan dabino bakwai ya bari, Annabi (SAW) ya mayar da su sadaka, har wasu malamai ke ƙirga su a matsayin waƙafin gona na farko a Musulunci.

Yanzu mu dawo gida. Wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu bin Abi Sufyan, lokacin da ya tura runduna Sham, tana cikin Muwaɗɗa: ya hana sare itace mai 'ya'ya, ya hana rushe wuri mai rai, ya hana yanka dabba sai don ci. Kusan hukuncin nan ne na Attaura. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu guda, mudun Annabi kuwa bai kai lita ɗaya ba. Ahmad da Ibnu Majah sun kawo cewa ya wuce Sa'ad yana alwala ya yi masa magana kan almubazzaranci, ya nuna masa cewa ko a bakin kogi mai gudu ana iya yin israfi. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma ma'anarsa fuƙaha'u sun tafi a kanta. Ku ma da kuka karanta Risala a zaure, ai kun wuce ta wurin da Ibnu Abi Zaid ya sanya ƙarancin ruwa tare da kyautata wanki a sunna, ya kira wuce iyaka a cikinsa bidi'a. Mu da kalmar bidi'a ba ta mana wuyar fita a baki, ga wata nan da ake yi sau biyar a rana a ƙofar kowane masallaci, na Izala da na Ɗariƙa, ban taɓa jin an raba sahu saboda ita ba.

A nan nake so mu daɗe kaɗan, don nan ne amsar tambayar farko take. Me ya sa aka ambaci kogi? Wanda ya tsuguna a bakin Gulbin Zamfara nan Jega ya kwarara ruwa a hannunsa, ruwan gulbin zai koma. Bai rage wa kowa komai ba, bai kashe ko sisi ba. Da a ce illar israfi ita ce asarar kuɗi ko ƙarewar abu kawai, da babu laifi a kansa. Amma aka ce akwai. Abin da na fahimta shi ne, israfi kafin ya ɓata ruwa yana ɓata mai yinsa. Yana koya wa zuciya cewa abin da ya zo a sauƙaƙe ba shi da daraja, kuma abin da ba mai gadi ba shi da mai shi. Hannun da ya saba sakin famfo don babu mai cajinsa, shi ne hannun da gobe za a damƙa wa kuɗin marayu ko baitulmalin ƙaramar hukuma, inda nan ma babu mai gani. Mumini yana ɗaukar ni'ima gwargwadon buƙata saboda ya san Mai ita, ko da farashinta sifiri ne. Sola ta sa mu duka a bakin kogin nan.

Balle ma rijiyar burtsatse ba kogi ba ce. Ruwan da tanki ya zubar ba ya komawa inda aka zuƙo shi cikin sauƙi, rana ce ke shanye mafi yawansa. Taskar da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa ta kowa ce: daga ita rijiyar tsohuwar da ke bayan masallaci ke samu, kuma manomin albasa a Aliero da mai shinkafar rani a fadamun Jega da Maiyama duk da ruwan ƙasa suke rayuwa idan damina ta wuce. Masallacin da ya fi kowa zurfin rijiya da ƙarfin famfo, in ya yi sakaci, maƙwabcinsa mai guga ne zai fara ji a bazara.

Tambaya ta biyu ta fi wuya: wa ke da alhaki? Ruwan masallaci waƙafi ne. Wanda ya haƙa rijiyar ya yi ne don alwala da sha, yana neman lada ga kansa ko ga iyayensa da suka rasu. Malaman Shafi'iyya sun bayyana cewa wuce iyaka a alwala makaruhi ne idan ruwanka ne, amma idan ruwan waƙafi ne ya zama haramun, domin mai waƙafin bai yi izini da haka ba. Kuma kowane waƙafi a fiƙihu yana da naziri, mai kula da shi, wanda za a tambaya. Mu a nan mun iya kafa kwamitin gini, da kwamitin tafsiri, da kwamitin tarbar baƙi. Ranar buɗe rijiya kowa na nan, har da masu ɗaukar hoto. Bayan wata shida kan famfo ya lalace an ɗaure shi da roba yana ɗiga, liman na zaton aikin kwamiti ne, kwamiti na zaton na ladan ne, ladan na jiran Alhajin da ya haƙa, Alhaji yana Abuja. Kowa ya san hadisin, ba wanda aka ce kai ne.

Mu yi ɗan lissafi. Mu ƙaddara masallacin unguwa mai mutum 100 a kowace salla, kowa ya yi alwala da lita 2. Lita 1,000 ke nan a yini, jarka 40 ta mai lita 25. Ruwan alwala mai tsarki ne, bai zama najasa ba. A yanzu kwata yake bi. Da za a raba hanyarsa da ta bayan gida, a ja shi da ɗan bututu zuwa gindin itatuwa, da ya rayar da dogonyaro da mangwaro da zogale fiye da yadda harabar za ta ɗauka. Alhazanmu sun ga dogonyaro a filin Arfa, sun sha inuwarsa. A nan kuwa mutane na sallar Juma'a a kan kwalta cikin zafin Afrilu, kowa ya ɗora darduma a ka.

Na san ɗalibai za su kawo cewa fuƙaha'u da yawa sun karhanta, wasu ma sun hana, dasa itace a cikin masallaci. Gaskiya ne. Illar da suka ambata ita ce cin wurin sahu da ƙuntata wa masallata. Wannan hukuncin wurin salla ne, bai hau kan bakin katanga da gefen hanya da filin Idi da maƙabarta ba. Kakanninmu ma sun san hurumi, kalmar da asalinta Larabci ne, filin da ake keɓewa ba a nomawa ba a ginawa, kamar yadda suka san burtali da mashaya. Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'i, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Yau hurumin gari nawa ne ya tsira daga masu yanka fuloti?

Sai leda. Ba sai na tsawaita ba, kowa ya ga yadda fili ke zama bayan wa'azi ko Maulidi ko ɗaurin aure ko buɗa-bakin azumi: ledar ruwa fari fat kamar an yi shanya. Mahauta za su gaya maka abin da suke cirowa daga tumbin shanu da awaki. Ambaliyar 2020, wadda rahotanni suka ce ta cinye kimanin hekta 450,000 na shinkafa a Kebbi, ba leda ta kawo ta ba, kada mu yi ƙari. Amma a cikin gari, magudanar da ta toshe ita ke zaɓen gidan da ruwa zai shiga, kuma galibi gidan ƙasa ne na wanda bai da halin sake gini.

Akwai kuma wanda ba a fara maganarsa ba tukuna, batir. Yawancin baturan solar da masallatanmu ke iya saye masu dalma ne a ciki, kuma bayan 'yan shekaru suke mutuwa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gida ta fito, amma dalmar dai ita ce. Mataccen batir da aka jefar a bayan Islamiyya, ko aka bari yara suka fasa don su sayar wa 'yan gwangwan, amana ce da aka tozarta. A mayar da shi ga dillalin da ke karɓar tsoho a canji sabo, a kuma rubuta wanda ya kai.

Wani zai ce, Malam, mutane na fama da abin da za su ci, kai kana zancen itace da leda, wannan ai damuwar ƙoshi ce ta Turawa. Na yarda da rabin maganar. Ba zan hau mumbari in zargi matar da ke girki da icce ko gawayi ba, alhali gas ya fi ƙarfin mijinta. Ba zan zargi almajirin da ke karatu da hasken kara ba. Shi ya sa ma ban yi maganar gidaje ba, na tsaya a masallaci da makaranta, inda dukiyar ta jama'a ce, kuma gyaran bai fi ƙarfin asusun Juma'a biyu ba. Amma ɗaya rabin ban karɓa ba. Mai hali in rijiya ta ƙafe zai sayi ruwan mota, in zafi ya yi zai kunna na'urar sanyi. Wanda ke kwana da sauron taɓon tankinmu, ya kai ɗansa asibiti da zazzaɓi, talakan ne dai.

Kuma kada a ɗauka sai Yahudu da Nasara ke wannan. Maroko ta fara shirin gyara wutar masallatanta a 2014, har babban masallacin Kutubiyya na Marrakesh ya samu sola a 2016. Masallacin Kambirij a Ingila, da aka buɗe a 2019, yana tara ruwan sama don ban-ruwan lambunsa da wanke bayan gida. Mu da ke da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ɗalibanta na salla a sahunmu kullum, ba mu rasa wanda zai haɗa mana 'yar na'urar da ke kashe famfo idan tanki ya cika ba. Ba a dai taɓa tambayarsu ba.

Abin da nake roƙon limamai 'yan'uwana da shugabannin kwamitoci shi ne, a zaman da za ku yi na gaba a buɗe shafi guda a littafin masallaci, a rubuta sunan mutum ɗaya a kan ruwa da tanki, ɗaya a kan shara da batir, a sa musu ranar da za su yi wa jama'a bayani bayan sallar Juma'a kamar yadda ma'aji ke yi. In za a yi dashe, a jira damina ta zauna, wajen Yuli, kuma kada a sayi itace ko ɗaya sai an tanadi abin kewaye shi, don awakin unguwa ba su san waƙafi ba. A kuma rubuta tun yanzu wanda zai ba shi ruwa daga Maris zuwa Mayu, watannin da yawancin dashen da aka yi da bikin ɗaukar hoto ke mutuwa.